Awon Damtsen Hedimasta

3 ga Maris

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin asibiti. Mu ma nan kalau muke, sai ciwon gwiwa da keken ɗinki ya saka mini da shi. Na san za ki juya takardar nan kina tunanin wace ce. Ni ce telar nan, jikar yayar kakarki, wadda ta taɓa ɗinka miki rigar makaranta hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kika yi ta kuka har aka rufe miki baki da alewa. Shekara tara rabon da mu ga juna, tun rasuwar Yaya, babbar 'yar'uwata.

Na zaɓi takarda ne don maganar ba ta waya ba ce, shagona kuma kunnuwa sun yi masa yawa.

Kin tuna Hedimasta, mijin Yaya? To, shi ma ciwon dajin ya kama shi, nasa a hanji. An yi masa ƙarin ruwan magani zagaye biyu, sai likita ya dakatar, ya ce jikin ya fara zubewa, a je a ciyar da shi ya ɗan tsaya da ƙafarsa kafin a ci gaba. An ba shi zuwa tsakiyar Yuni. 'Yar Yaya kuwa tana can garin mijinta da ciki wata bakwai, an hana ta doguwar tafiya saboda ta sha ɓari. Ta kira ni tana kuka tana cewa, "Inna, ba ni da kowa sai ke." Gidan nasa katanga ɗaya ce tsakaninsa da shagona, sai na ce mata to. Yanzu ni ke dafa masa, ni ke kai masa.

An ce mini ke ce mai tsara wa masu irin ciwon nan abinci a asibitinku, shi ya sa na kwafo miki wata takarda da nake da ita. Ga abin da ta ce. Da safe ruwan zafi da lemon tsami. Da rana dafaffen kabeji da karas, ba mai ba gishiri. Da yamma romon ganye. An hana nama da kifi da ƙwai da madara da wake da mai da duk wani abu mai zaƙi. Wai da haka ake kashe ciwon da yunwa.

Ki faɗa mini tsakani da Allah, mai wannan ciwo in ya tsaya a kan takardar nan kaɗai, me zai same shi? Sati nawa kafin a gani a jikinsa? Ina ne ke fara zubewa? Sannan ki jero mini abincin da ya fi riƙe wa mutum tsoka, don in san su sarai. Ki rubuta dalla-dalla, kin san karatun nawa bai yi nisa ba, shi kansa Hedimasta shaida ne.

Ki gaishe mini da yara.

Antinki tela

14 ga Maris

Wa alaikumus salam Anti,

Wallahi wasiƙarki ta faranta mini rai. Rigar nan ban manta ba, har yau in zan ba da ɗinki sai na ce a auna hannun sau biyu. Muna lafiya duka. Allah Ya ba Hedimasta lafiya, ke kuma Ya saka miki, don ba kowa ne zai ɗauki wannan nauyi ba.

Anti, takardar nan ki yaga ta yau ɗin nan. Ban san wanda ya ba ki ba, amma kusan kullum sai an shigo mana da irinta a jaka, kuma ba abin da ke ɓata mini rai kamarta. Ciwon daji ba ya jin yunwa. In an hana shi ta baki, jikin mutum yake juyawa ya ci, kuma tsoka yake fara ci. Dama ciwon da kansa yana narkar da tsoka ko da mutum yana ci, to ina ga an ƙara masa da ruwan kabeji? A kan takardar nan sati biyu zuwa uku za ki gani. Gefen goshi zai lotsa, kafaɗa ta fito, damtse da cinya su saki. Daga nan tashi daga kujera zai gagare shi, wanda ya kai nan kuwa likita ba zai yarda ya sa masa magani mai ƙarfi ba.

Abin da za ki yi shi ne ki daina jiran ya cinye babban kwano. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, ko bai ce yana jin yunwa ba. Kowane zama a sa abin da ke gina jiki: ƙwai, kifi, nama mai laushi, wake, madara, niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ki riƙa ƙara cokalin mai ko garin madara a cikin abin da zai ci, don loma kaɗan ta yi aikin da yawa. Kada ya cika cikinsa da ruwa ana cikin ci, ya sha tsakanin abinci. In ƙamshin girki na tayar masa da zuciya, ki bari ya huce kafin ki shigar. In ya ce bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, ki ba shi cokalin roba. Ki duba bakinsa ko da gyambo, ki tambaye shi bayan gida da ciwo, don waɗannan ke hana su ci, kuma duk akwai maganinsu a asibiti.

Kada kuma ki bar shi kwance yini guda don tausayi. Ya zauna a kujera ya miƙe sau biyar, safe da yamma, kina kusa. Ya zagaya tsakar gida. Ki cika ƙananan gorunan ruwa biyu ya riƙa ɗagawa. Tsokar da ba a motsa ta, abinci kaɗai ba ya riƙe ta.

Ga wani aiki da ba wanda zai fi ki iyawa. Duk sati ki ɗora shi a sikeli, sannan ki ɗauki tef ɗinki ki auna tsakiyar damtsensa na hagu, hannun a sake. Sikeli yana yaudara in ƙafa ta kumbura, damtse kuwa ba ya ɓoye komai. Ki riƙa aiko mini da awon.

Ƙanwarki

2 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya. Nan ma lafiya, aiki ya yi yawa, wata amarya ta kawo mini kala goma sha biyu tana so jiya.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, na adana ta a aljihun keke. Lallai kin san aikinki, don komai yana tafiya yadda kika faɗa. Ga awon. Satin farko kilo sittin da shida, damtse inci sha ɗaya. Sati na biyu sittin da huɗu, inci goma da rabi. Yau da safe sittin da biyu, inci goma da kwata. Gefen goshin ya lotsa kamar yadda kika ce, agogonsa ma yanzu har gwiwar hannu yake gangarowa.

Da na ɗora masa tef ɗin sai na tuna hannun nan ne yake nuna mutane da shi a bakin ƙofa. Mutumin da in ya yi gyaran murya yaran layi ke watsewa, yanzu sai ya dafa tebur da hannu biyu kafin ya miƙe. Abin da na kai masa yana ci, ya ce an gode, bai taɓa yin ƙorafi ba.

'Yar Yaya tana kiransa duk Juma'a a waya mai hoto. Don kada hankalinta ya tashi ga ciki, na kwashe rigunansa na rage su, na matse wuya, na cusa soso siriri a kafaɗa. In ya zauna kusa da taga ya sa hula, sai ki rantse ƙiba ya yi. Jiya ta ce mini, "Inna, Baba ya yi kyau, me kike ba shi?" Na ce abin da ya dace da shi.

Kada ki damu, har yanzu da saura.

Antinki

11 ga Afrilu

Anti,

Gaisuwa a taƙaice, don hankalina ba a kwance yake ba. Na kira ki sau bakwai ba ki ɗauka ba.

Kilo huɗu a sati biyu ba ƙaramin abu ba ne. Kin ce yana cin duk abin da kika kai masa, amma ba ki faɗi abin da kike kai masa ba. Ƙwai nawa a yini? Madara fa? Yana yin tashi da zaman? In har yana cin abin da na rubuta kuma yana zubewa haka, to kada ki jira Yuni, ki kai shi asibiti gobe.

Maganar riguna kuma ba ta yi mini daɗi ba. Ramar majinyaci abu ce da ake so kowa ya gani don a yi maza, ba a rufe ta da soso.

Da na fara karanta "har yanzu da saura" na ɗauka kina nufin da sauran ƙarfi a jikinsa, har na ce alhamdu lillahi. Da na sake karantawa sai gabana ya faɗi. Saura me, Anti? Kuma ba ki ce kin yaga takardar nan ba. Wa ya rubuta ta?

Ki amsa mini don Allah.

Ƙanwarki

6 ga Mayu

Ƙanwata,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Na ga kiranki duka, na bar wayar tana ta ɓari a kan tebur. Sati uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tunda kin tambaya, to buɗe kunnenki.

Shi ya rubuta ta. Da hannunsa, da jan biron da yake yi wa yara maki. Wani ɗan littafi ya karanta lokacin da Yaya ta kwanta, ya zauna ya tsara, ya manna a ƙofar kicin, ya ce duk wanda ya karya wannan doka ya kashe matarsa. Wata huɗu Yaya ta yi a kan ruwan kabeji. Mace mai jiki, wadda yadi shida ba ya isar ta, na ɗinka mata rigarta ta ƙarshe da yadi biyu da rabi har da ragowa. Damtsenta inci bakwai da rabi, ni na auna. Sauran da nake nufi ke nan. Yau nasa tara da kwata, sikeli hamsin da bakwai.

Wata rana maƙwabta suna suya, ƙamshi ya shigo ta taga, Yaya ta riƙe mini hannu ta ce, "Ƙwai ɗaya, don Allah, ko rabi." Washegari na dafa na naɗe a cikin atamfa kamar ɗinki na kawo. Ta ci tana hawaye tana dariya. Sai Hedimasta ya tsinci ɓawon a ƙarƙashin gado. Ƙanwata, a tsakar gida ya tsayar da ni, gaban masu dubiya, ya ɗaga ɓawon sama ya ce, "Ku ga aikin jahilci. Tela ce za ta koya mini kimiyya?" Ya hana ni shiga gidan sati uku. Ran da na koma, Yaya ba ta iya ɗaga kofi. Aka kai ta asibiti likita ya ce jikin ba zai ɗauki magani ba, a koma gida. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara.

Ranar da aka fita da ita na shiga kicin na ɓamɓare takardar. Shekara tara tana aljihun kekena. Da 'yarta ta ce ba ta da kowa sai ni, na je na mayar da takardar inda take, har tabon gam ɗin yana nan bai goge ba. Ban ƙara masa komai ba, ban rage ba. Dokarsa nake bi, ni jahila ina ni ina gyara wa malami rubutu? Ganin likita na watan jiya ma da aka kira daga asibiti, cewa na yi yana samun sauƙi, tafiyar ce ke wahalar da shi. Wasiƙarki kuwa ta yi mini amfani, don da ita na san abin da ba zai shiga bakinsa ba.

Ba mutuwarsa nake nema ba, ko kuma ban sani ba. Abin da nake jira shi ne ya riƙe mini hannu ya roƙe ni ƙwai ɗaya. Kullum sai na soya nawa a bakin tagarsa, da albasa, in bar shi ya daɗe a wuta. Amma mutumin nan taurin kansa ko ciwo bai narkar da shi ba. Ya shanye romonsa ya ce an gode, ni kuma in fito raina kamar ya fashe.

Kada ki yi saurin ɗaga mini hanci. Kin tambaye ni wa ya rubuta takardar kamar ba ki taɓa ganinta ba. Yaya ta kwafe ta ta aika miki kina shekarar ƙarshe a makaranta, ni na kai wasiƙar gidan waya da ƙafata. Ta ce ke ce mai karatun lafiya a dangi, in kika ce ba daidai ba ne ƙila ya saurara. Duk ran da na shigo sai ta tambaye ni ko amsa ta zo. Kika zo gaisuwa da farin mayafi kika fi kowa kuka. Shi ya sa da na tashi ban nemi kowa ba sai ke, ina so a wannan karon ki amsa, kuma ga shi kin amsa har shafi uku.

Antinki

15 ga Mayu

Anti,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na gan ta a rubuce.

Gaskiya ne, wasiƙar Yaya ta same ni. Na gane takardar tun a layinki na farko, na yi kamar ban gane ba, don na ɗauka neman gyara kike yi, na ce Allah Ya ba ni damar biyan abin da na kasa. A lokacin na san ba daidai ba ce. Tsoron Hedimasta ya hana ni, ina yarinya, na ce wa zai saurare ni, bari in gama jarrabawa in je da kaina. Na gama ran Laraba, labari ya zo ran Asabar. Saboda wannan na zaɓi aikin da nake yi, kuma duk majinyaciyar da aka shigo da ita a rame fuskar Yaya nake gani. Ki tsane ni, kina da hujja.

Amma kin cuce ni. Kin sa na zauna na zana miki hanyar da za ki bi ki rushe mutum, da hannuna, ina ta sa miki albarka. Wannan ba zan yafe miki da wuri ba.

Ga abin da ba kya so ki ji. Ba wanda zai rantse miki cewa da Yaya ta ci ƙwai da nama za ta tashi, don ciwon nan yana cin tsoka ko ana ci ko ba a ci. Abin da takardar ta ƙwace mata shi ne damar gwada magani, kuma babban zalunci ne. Sai dai shi da ya rubuta, ya yi ne yana ganin ceton matarsa yake yi, girman kai ya hana shi tambaya. Ke kuwa kin tambaya, an gaya miki, kika yi da ido buɗe. Kuma ba shi kaɗai kike horarwa ba. Akwai yarinyar da ta rasa uwa tana sha huɗu, yanzu tana kan gwiwa ko ta kusa, ta ba ki amanar uban da ya rage mata.

Ramar nan tana da iyaka, in aka wuce ta ko tukunyar nama aka juye masa ba za ta dawo ba. Ina jin tsoron kun kusa. Ki kai shi asibiti yanzu, ki faɗa musu sati nawa ya yi ba ya cin abin kirki. Kada ki tashi ki ɗura masa abinci mai yawa rana ɗaya, jikin da ya daɗe da yunwa hakan na iya kayar da shi, sai an duba jininsa an fara a hankali.

Na ba ki kwana goma. In ban ji an kai shi ba, zan nemi lambar 'yar Yaya in karanta mata wasiƙarki daga farko har ƙarshe. Na yi shiru sau ɗaya, ya ishe ni.

Ƙanwarki, ko kin so ko kin ƙi

27 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya. 'Yar Yaya ta sauka ran sha bakwai, namiji, ita da shi kalau. Ki mayar da barazanarki aljihu, an kai shi asibiti. Amma kada ki ɗauka tsoronki ne ya sa, bari ki ji.

Ran da wasiƙarki ta zo na yini ina ɗinki ina warwarewa. Da la'asar na dafa ƙwai ɗaya na ɓare na sa a faranti. Na ce tunda ya ƙi roƙo, bari in ajiye a gabansa in ga yadda zai wawura, ko wannan ma ya ishe ni kallo. Na same shi a kujerar bakin taga. Ya dubi farantin ya daɗe, sannan ya tura shi gefe da bayan hannu.

Na ce, "Ci mana, Malam."

Ya ce, "Ita ba ta samu ba."

Na ce me ya ce? Ya ce, "Kin ɗauka ban ga takardar a ƙofar kicin ba? Rubutuna ne. Bayan rasuwarta da sati ɗaya na koma wurin likitan da takardar, ina so ya ce na yi daidai. Ya faɗa mini abin da na yi. Shekara tara ban gaya wa kowa ba, ban iya ba. Da kika kawo mini ruwan lemon tsami ran farko, na ce alhamdu lillahi, ga wadda za ta yi mini abin da na kasa yi wa kaina. Ki ci gaba, saura kaɗan."

Ƙanwata, ban taɓa jin fushi irin na ran nan ba. Ashe duk watannin nan da nake ganin ni ke hora shi, aiki yake sa ni. Har a wannan ma shi ne hedimasta, ni 'yar aike. Na ce masa, "Wallahi ba ka isa ba. Ka kashe mini 'yar'uwa, yanzu kuma ka sulale ka bar ni da gawarka a wuya? Za ka ci, za ka tashi, za ka ɗauki jikanka, ka dubi uwarsa ka faɗa mata da bakinka abin da ka yi wa tata uwar. Sai ka mutu bayan nan in ka ga dama." Na yi ta faɗa har mai shagon kusa ya leƙo ta katanga.

Washegari na sa aka ɗauke shi a mota. Kwana huɗu suka riƙe shi, aka duba jini, aka ba shi maganin gyambon baki da ni ban ma san yana da shi ba. Na ce musu ba ya cin abin kirki tun Maris, ban ce musu don me ba. Yanzu muna gida. Na rufe shago, amarya ta kwashe kayanta tana zagi. Sau bakwai a yini nake tsayawa a kansa da cokalin roba, kamar yadda kika rubuta. Cokali uku, huɗu, sai ya ce ya ƙoshi, kuma na ga ba ƙarya yake ba, abincin ne ba ya wucewa. Tashi daga kujera sai na sa kafaɗata a hammatarsa. Ina ƙirga masa da ƙarfi irin yadda yake yi wa yara a filin makaranta, in ya tsaya a uku in ce ban ji ba, a sake.

Hamsin da biyar, inci tara. Bai ƙaru ba, amma satin nan bai ragu ba. Saura kwana goma sha tara mu koma wurin likita. Ki faɗa mini me zan ƙara, kuma ki amsa da wuri.

Antinki

16 ga Yuni

Ƙanwata,

Amsarki ta zo, na bi duk abin da kika ce, na gode. Ina fatan yara suna lafiya.

Jiya muka je. 'Yar Yaya ta iso shekaranjiya da jaririnta, ta shiga ɗakin ta ga ubanta ba ta cikin waya ba, ta zauna a ƙasa. Tare muka shiga wurin likita. Sikeli hamsin da huɗu. Likita ya ce ya miƙe daga kujera ba tare da an taɓa shi ba. Ya gwada sau uku, ina tsaye ina ƙirgawa a zuci, bai tashi ba. Aka duba hoton da aka ɗauka, ciwon ya yi gaba a watannin da ba a yi magani ba. Likita ya ce ba za a ƙara masa mai ƙarfin ba, jikin ba zai ɗauka ba, yanzu sai abin rage ciwo, kuma ya ci abin da ransa ke so ba tilas. Kusan kalmomin da aka faɗa wa Yaya ne.

Sai likitan ya tambaya me yake ci a gida tun Maris. Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Hedimasta ya riga ni. Ya ce, "Ni na ƙi ci, likita. Wannan baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta, har shagonta ta rufe." Yarinyar ta rungume ni a gaban kowa tana cewa, "Inna, ko Mama iyakar abin da za ta yi ke nan." Shi kuma yana kallona ta saman kafaɗarta.

Ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi ko ramawa, ƙila shi ma bai sani ba. Ban yafe masa ba, kada ki sa rai. In na tuna Yaya har yanzu jinina tafasa yake. Amma na samu abin da na shekara tara ina nema, kuma ko ruwa na sha ba ya wuce mini.

Yau da hantsi na buɗe shago don in kaɗe ƙura, sai ga ta da jaririn a kafaɗa. Ta ce, "Inna, wani abu yana damuna. Yadda Mama ta rame haka Baba ya rame, sak, har lotsawar goshin. Na ga masu ciwon nan da yawa a asibiti ba su kai haka ba. Ko wani abu ne a jininmu? In na dubi yaron nan sai in ji tsoro, in na dubi hannuna ma haka. Ki ba ni lambar 'yar'uwarmu ta asibiti in tambaye ta."

Na san in ta kira ki ba za ki yi mata ƙarya ba. Shi kuma na so ya faɗa da bakinsa, amma numfashinsa yanzu ba ya kai jimla biyu, kuma rabin labarin kawai zai faɗa, nasa. Na ce mata ba a jininku yake ba, ki zauna in gama rubutun nan, ni zan gaya miki inda yake.

Tana kan bencin masu jiran ɗinki tana ba jaririn nono, tana yi mini murmushi duk sanda na ɗago. Na ja wasiƙar nan iya yadda zan iya, ba ni da sauran abin rubutawa. In ta kira ki bayan yau, ki ɗauka, don ban jin za ta ƙara kirana Inna.

Antinki tela